Omega na tunawa da Apollo ko Seiko na Pogue: da wanne mai tara agogo zai fara?

Malam, ka ce kana son fara tara tsofaffin agogunan hannu masu awon lokaci da ke da alaƙa da tafiye-tafiyen sararin samaniya, kuma ka rasa na zaɓe tsakanin Omega Speedmaster da aka ƙera don tunawa da tafiyar Apollo, wato shirin Amurka na zuwa duniyar wata, da Seiko 6139 wanda ake yi wa laƙabi da Pogue, sunan ɗan sama jannatin da ya je da shi. Ni dai Seiko zan ce ka fara da shi, amma sai ka ji yadda kowannensu ya sami sunansa tukuna, domin a nan bambancin yake. Dukansu kuronogaraf ne, wato agogo mai maɓalli biyu a gefe, na sama ya tayar da doguwar allurar daƙiƙa ya kuma tsayar da ita, na ƙasa ya mayar da ita mafari.

Kamfanin Omega na ƙasar Suwizalan ya fito da Speedmaster a 1957 saboda masu tseren mota. Ɗan sama jannatin Amurka Wally Schirra ne ya fara shiga sararin samaniya da shi, ranar 3 ga Oktoba 1962, kuma nasa ne na kansa, ba hukuma ta ba shi ba. (A wancan zamanin NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, na da tashar bibiyar kumbo a Kano, abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba.) A watan Maris 1965 NASA ta amince da agogon bayan ta gwada shi da zafi da sanyi da girgiza tare da na Rolex da na Longines, shi kaɗai ya jure. A Yulin 1969 Buzz Aldrin ya taka duniyar wata da nasa a hannu, shi kuwa Neil Armstrong ya bar nasa a cikin kumbon saboda na'urar ƙidayar lokaci ta ciki ta sami matsala.

Sai dai agogon tunawa da ka ambata daban yake da waɗannan. Na farkonsu shi ne na zinare mai lamba BA 145.022, mai zobe ja mai duhu kewaye da fuska, wanda aka ƙera guda 1,014 kacal. Lamba 1 da 2 an tanade su ne don Shugaban Amurka Nixon da mataimakinsa Agnew, amma ba su karɓa ba saboda ƙa'idar karɓar kyauta, sannan aka raba wa 'yan sama jannati nasu a wata liyafa a Houston ranar 25 ga Nuwamba 1969. Daga baya aka yi guda 500 don tunawa da haɗuwar kumbon Apollo da na Tarayyar Sobiyet mai suna Soyuz ta 1975, masu tambarin tafiyar a saman fuskar agogon, aka sayar da su a kasuwar Italiya. Abin da mai saye ya kamata ya sani shi ne, bayan an dawo aka ƙera su, kuma injin da ke cikinsu, 861, ba shi ne ya je wata a Apollo 11 ba. Wancan 321 ne, wanda kamfanin ya sauya wajen 1968. Saboda haka darajarsu tana cikin ƙarancin adadi da lambar da aka zana a murfin baya da kuma sanin hannun wanda agogon ya fito. Na zinaren da aka ba Michael Collins, abokin tafiyar Armstrong da Aldrin, an sayar da shi a gwanjo a 2022 kan dala 765,000.

Labarin Seiko ya fi ƙanƙanta, kuma a wurina ya fi daɗin ji. Kamfanin na Japan ya fito da 6139 a 1969, yana cikin kuronogaraf na farko masu wana kansu da motsin hannu. Ɗan sama jannatin NASA William Pogue ya sayi nasa, mai fuska rawaya da zobe ja da shuɗi, a kantin sojoji na sansanin Ellington kan dala 71, ya yi ta atisaye da shi har ya saba, domin ba a ba shi Omega na hukuma da wuri ba. Da tafiyar Skylab 4 zuwa tashar sararin samaniya ta Amurka ta zo a Nuwamba 1973, sai ya sa shi a aljihun kayan samansa ba tare da neman izini ba, ya kwana 84 a can da Omega a hannu ɗaya, Seiko a ɗayan. Fiye da shekara 30 ba wanda ya lura, ana ta cewa agogon Sinn da Bajamushe Reinhard Furrer ya sa a 1985 shi ne kuronogaraf mai wana kansa na farko a sararin samaniya, har sai da masu tara agogo suka duba hotunan tafiyar da kyau. Agogon Pogue na ainihi an yi gwanjonsa a 2008, kuɗinsa bai kai dala 6,000 ba.

Idan aka ajiye su gefe da gefe a kan tebur, Omega yana da ƙananan da'irori uku a fuska, yana ƙirga har awa 12, kuma kullum sai an wana shi da hannu. Seiko da'ira ɗaya gare shi, ta minti 30, yana nuna rana da kwanan wata, ba a wana shi da yatsa, sai an girgiza shi ya tashi, kuma ba shi da allurar daƙiƙa mai tafiya kullum, shi ya sa wanda bai saba ba yakan zaci ya tsaya. Wajen kyawun ƙira da ƙarfin sunan tarihi, Omega ya yi gaba, ba musu. Amma Seiko bai taɓa zama agogon tunawa ba a zamaninsa, kamfanin ma bai san ya je sama ba, don haka wanda ka saya irin na kanti ne sak, kamar wanda Pogue ya saya.

Inda suka yi tarayya shi ne jabu, kuma nan ne kuɗi ke salwanta. An ƙera 6139 da yawa har kusan ƙarshen shekarun 1970, kuma kasuwa cike take da waɗanda aka sauya wa fuska da allurai da zobe. Na taɓa riƙe wani da wani mai sayarwa ya rantse mini cewa ba a taɓa buɗe shi ba. Fuskar tana ƙyalli kamar jiya aka fitar da ita, farin sinadarin da ke haske cikin duhu fari fat, alhali zoben ciki ya koɗe, gefen ƙarfen kuma an goge shi har kusurwoyinsa sun mutu. Agogon da ya haura shekara 50 sassansa tare suke tsufa, idan wani ya tsufa wani bai tsufa ba, to an yi haɗe-haɗe. Ka juya bayansa ka karanta lamba mai alƙaluma shida: na farko alƙalamin ƙarshe ne na shekarar ƙira, na biyu wata. Irin na Pogue 6139-6005 ne, kuma a fuskarsa wajen ƙarfe tara akwai rubutun jure ruwa na mita 70, wanda aka cire a na baya. Omega ma bai tsira ba: a 2021 an sayar da wani Speedmaster na 1957 a gwanjo a Janeba kan fiye da faran miliyan 3 na Suwizalan, kamfanin da kansa ya saya don gidan tarihinsa, sai a 2023 ya bayyana cewa haɗe-haɗen sassa ne. Wanda ya yi kuskure a kan Seiko ya yi asarar da zai iya jurewa, ya kuma koyi duba fuska da inji, amma kuskure ɗaya a kan Omega na tunawa yana iya cinye jarin mutum gaba ɗaya.

Kafin ka biya, ka nemi hoton injin a buɗe da na murfin baya, ka kuma sa a danna maɓallan a gabanka ka ga ko allurar tana komawa daidai kan ƙarfe 12. Ka tabbatar kana da mai gyaran da ya taɓa kwance kuronogaraf, domin wanda ya ƙware a Seiko 5, agogon kamfanin na yau da kullum, ba lalle ne ya iya da 6139 ba, kuma wasu sassansa na ciki sai dai a ciro daga wani mataccen agogon. Rubutun mita 70 kuwa kada ya ruɗe ka, robobin da ke tare ruwa sun daɗe da bushewa, don haka ka cire shi lokacin alwala, ka kuma ajiye shi a rufe idan ƙurar hunturu ta taso.