Buhun ajiya mai hana iska: ya riƙe min irin yazawa, kaɗanya kuwa ta ruɓe

Na sayi buhun nan mai ninki uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, don adana irin da zan rena idan damina ta kama. Mai sayarwa ya ce kowane iri ne, in dai na ɗaure baki da kyau, yadda na zuba haka zan tarar. Rabin maganarsa ce gaskiya.

Ƙwallon yazawa na fara zubawa. Sai da na shanya shi kwana 3 a rana, har idan na girgiza ɗaya kusa da kunne ina jin ƙwayar tana motsi a ciki. Na matse iskar ledar farko, na murɗe bakinta na ɗaure, haka ta biyu. Bayan wata 5 na kwance: ba ƙwaro, ba funfuna. Na jiƙa shi kwana ɗaya, na kwashe waɗanda suka taso saman ruwa na zubar, sauran na binne a ledojin reno, gefen da ya rabu da ɗan itacen yana kallon sama. Kafin mako 3 yawancinsu sun ɓullo. A nan buhun ya biya ni.

Kaɗanya ce ta sa ni baƙin ciki. Sabbin ƙwallaye na zuba a buhu na biyu, wata ɗaya kacal. Da na buɗe, ledar ta yi gumi sharkaf, wari mai tsami ya bugi hancina, farar funfuna ta lulluɓe su. Na shuka duk da haka, ko ɗaya bai tsiro ba.

Irin kaɗanya, kamar na goro da koko, a raye yake yana numfashi. In ka busar da shi ya mutu, in ka toshe masa iska ya ruɓe, kuma ko an lallaɓa shi makonni kaɗan yake yi. Da an rubuta wannan a jikin buhun, da ban yi asarar irin shekara guda ba.

Zan sake sayen buhun don yazawa. Kaɗanya kuwa bana daga gindin bishiya sai ƙasa, in an samu jinkiri ta kwana a yashi mai danshi a inuwa. Saiwarta ke fara nutsewa kafin ganye ya leƙo, don haka ba na tonowa in duba.