Gyaran injin Carina: aiki ya yi kyau, amma ban manta da hanyar Agye ba

Wata huɗu ke nan da aka sauke injin motata aka sabunta shi a wani gareji a nan cikin Maradi, sai yanzu zuciyata ta huce har zan iya ba da labarin ban yi zagi ba.

Motar Carina E ce ƙirar 1995, mai injin 4A-FE, shekararta tara a hannuna. A ƙarshe ta koma shan baƙin mai, duk mako sai na ƙara mata lita. In na taka ta, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe, ƴan kabu-kabu na bayana suna toshe hanci suna yi mini Allah ya isa. In ta yi zafi kuma na tsaya, fitilar mai ta dinga ƙyaftawa. Kowa ya ce in sayi injin okaziyon, wato na hannu, in huta. To amma tun da iyakar Benin ta rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023 kayan Kwatano suka yi wuya, kun dai san inda kuɗin inji ya kai. Ni kuma abin da ya fi hana ni, cinikin biri a sama ne. A ajiye maka inji a ƙasa, a jona batir a tayar da shi minti ɗaya babu ruwa, ka ji ƙara, a ce ka biya. Wa ya san kilomita nawa ya ci a Turai, ko daminar da ya yi a yashe?

Sai na zaɓi gyara, kuma maganar gaskiya maigarejin ya iya hannunsa. A gabana ya buɗe injin, ya kama yatsana ya ɗora a bakin silinda, na ji wani ɗan tudu inda ring ke tsayawa. Ya ce, “Alhaji, ka ji wannan? Ƙurar hunturu ce ta cinye ƙarfen, matatar iskarka ta daɗe da mutuwa.” Aka kai wa masu dabarar yankan ƙarfe suka faɗaɗa silinda da milimita 0.50, aka rage karanshaf da milimita 0.25, fistan da ring da sauran tarkace aka yo saƙonsu daga Ƙofar Ruwa a Kano. Har dariya suke ba ni a garejin: shi maigida ya ce kulas, yaronsa da ya koyo aiki a Katsina ya ce tof silinda, abu ɗaya suke nufi, wato kan inji da ke rufe silinda. Kusoshin kulas ɗin ma da sifana mai awo ya ɗaure su, daga tsakiya zuwa gefe, ba irin ɗaurin ƙarfin tuwo ba. Ranar da aka tayar da ita na ɗora kofin shayi a kan inji, ko girgiza bai yi ba. Ya ce in lallaɓa ta kilomita dubu, in juye mai, sannan in yi tafiya. Na bi umarni sau da ƙafa, daga unguwar Zariya zuwa kasuwa, wani lokaci Tibiri, ban taɓa wuce sittin ba. A lokacin duk wanda na gani sai na yi masa tallar garejin.

Tafiyar farko mai nisa, ɗaurin aure ne a Tasawa, cikin Afrilu, ranar nan da ko ƙadangare ba ya son ƙasa. Matata na gefena, surukata Hajiya na baya da ƙanwarta, but cike da kayan gara. Mun wuce Cadawa lafiya, ina ta jin daɗin yadda take ja. Saura kaɗan mu shiga Agye na ji wani wari kamar an bar tukunya a wuta. Na dubi allurar zafi, ta riga ta kwanta a ja. Tun yaushe, Allah kaɗai ya sani, don rabin hankalina na wajen kada in haɗa ido da Hajiya a madubi. Kafin in sauka gefen titi tururi ya fara fita ta ƙarƙashin bonet.

Babu inuwa sai wani gawo can cikin gona. Nan Hajiya ta shimfiɗa mayafinta ta zauna, ba ta ce uffan ba. Na je na durƙusa na ce, “Hajiya, ku yi haƙuri, yanzu za a gyara.” Ta ce, “Ba komai, ai ka ce sabon inji ne.” Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

Da ta huce na zuba ruwan jarka na tayar, sai kumfa ke ɓulɓulowa ta bakin lagireto. Na buɗe murfin mai, ƙasansa ya yi fari kamar kunun gyaɗa. Ko ni da ba bakanike ba na san gaskit ɗin kulas ya ƙone. Inji mai kilomita dubu da ɗari biyu! Wani direban motar haya mai kujera 19 da ya tsaya taimako ya shafa lagireton da tafin hannunsa, ya kama nawa ya ɗora: gefe guda zafi, tsakiya sanyi ƙalau. Ya ce, “Malam, wannan ai a toshe yake. Wa ya yi maka aiki bai wanke shi ba?”

Nan ne duk yabon da na yi ya koma ciki. Shekara tara ina ɗura wa motar nan ruwan rijiya da na famfo, gishiri da laka sun toshe rabin hanyoyin. A cikin gari, ana tafiya a hankali, sauran rabin yana isa. A babban titi da lodi da rana, ga sabon inji da ya matse yana ƙara zafi, ina! Kuma kulas ɗin 4A na alminiyon ne, zafi ɗaya ke lanƙwasa shi. Mako bakwai motar ta yi a garejin, alhali uku aka ce mini, lagireton yana jingine da bango, kaji na hawa kansa. Wankin da bai fi ƴan jikkuna ba. Ba wanda ya tambayi abin da ya sa tsohon injin ma yake yawan zafi, ni ma na faɗa da bakina ranar farko, aka ce inji ne, in an gyara ya wuce.

Zan faɗi tasa ta alheri. Na kira shi ina faɗa, bai yi musu ba, ya ce, “Laifina ne, Alhaji, ga ni nan.” Bayan la’asar ya iso da mota da igiya, ya ja mu har Maradi, matan kuma direban nan ya wuce da su Tasawa. Aka sake wanke fuskar kulas, wato aka rage ta don ta daidaita, aka yi sa’a bai tsage ba, ya sa sabon gaskit, bai karɓi ko dala na aikin hannu ba. Lagireto dai ni na saya, na kuma koma zuba ruwan nan mai launi na galan. Tun daga nan na je Damagaram sau biyu, allura ba ta wuce rabi, mai ba ya raguwa ko ɗigo. In aka ce in sake zaɓa, gyaran zan sake yi, ba okaziyon ba.

Amma in mayar masa da mota? Ban sani ba. Kulas an rage shi sau biyu cikin wata biyu, shi da kansa ya ce babu na uku. Ɗaurin auren ya wuce ni. Jak ɗina da ke cikin but ranar da na kai motar har yau ana nemansa, kullum yaro ya fita da shi. Wata mai zuwa akwai suna a Tasawa, matata ta ce Hajiya ta riga ta ce kada in wahalar da kaina, za ta bi motar tasha.