Rotax 912 ko Jabiru 2200: amsa ga mai haɗa ƙaramin jirgi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambayi injin da za ka sa wa ƙaramin jirgin saman da kake haɗawa. Tsakanin Rotax 912 ULS da Jabiru 2200 da ka ambata, ka ɗauki Rotax.

Shi ne a hancin ɗan jirgina mai kujera biyu. A Ostiriya ake ƙera shi, silinda huɗu, ƙarfin doki 100. Abin da ya sa nake ƙaunarsa a nan Saudiyya shi ne yadda yake huce zafi: kawunan silinda ruwa ke sanyaya su ta lagireto, jikinsu kuma iska. Wata safiya ta bazara a filin Sumama, arewa da Riyad, an tsayar da mu a layin tashi har rana ta fara cizo, ni da wani ƙanena muna ta zuba gumi a ciki. Idona na kan allurar zafi, ina jiran ta haura in kashe inji mu haƙura. Ta ɗan motsa, ta tsaya. Muka tashi, hanci ya samu iska, ta sauko abinta. Wallahi tun ranar na daina jin zafin kuɗin da na zuba.

Ga kuma mai. Fetur ɗin mota mai lamba 95 yake sha, wanda ke kowane gidan mai daga Jidda zuwa Dammam. Kada dai ka kuskura ka ba shi 91. Man jirgi mai dalma ma yana karɓa, sai dai dalmar na taruwa a giyarsa, dole ka riƙa juye baƙin mai da wuri. Kamfanin ya ba shi awa 2,000 ko shekara 15 kafin garambawul, tiyo-tiyo da sauran robobi kuwa duk shekara 5 ake sauya su. A zafin nan kada ka ja wa robar lokaci.

Jabiru na Ostareliya ya fi araha, ba shi da giya, ba shi da lagireto, shi ke nan abin da zan yaba. Iska kaɗai ke sanyaya shi, kuma a Disamba 2014 hukumar jiragen ƙasarsu ta taƙaita yadda ake tashi da injinan Jabiru, daga baya ta sassauta.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu tallar "na hannu, awa kaɗan" a Facebook. Ana sace injinan Rotax sosai, har kamfanin na wallafa lambobin waɗanda aka sace. Ka nemi hoton lambar jikin injin, ka duba ta a jerin, ka nemi littafin awoyinsa shafi-shafi. Ka tambaya ko farfela ta taɓa dukan ƙasa, domin bayan haka sai an binciki giya da karanshaf. Wanda ya ce ka tura rabin kuɗi yau kafin wani ya riga ka, rabu da shi. Dillalin gaskiya shi ne ma zai dame ka da tambayar inda injin zai sauka da jirgin da za a ɗora shi.

Kafin ka biya ko riyal ɗaya, ka je GACA, hukumar kula da jiragen sama ta Saudiyya, ka ji takardun da suke buƙata, ka ajiye kuɗin kwastan da harajin kashi 15. Ka sayi sabo a hannun wakilin kamfanin, ko da za ka ƙara shekara kana tari.