Hattara da masu tallar "wuƙar gado" mai takardar izini ta bogi

Jama'a, akwai wata damfara da ke yawo a Facebook da Instagram da TikTok wadda nake son duk mai sha'awar tara wuƙaƙe da takubba ya sani kafin ya tura wa kowa kuɗinsa. Shafuka ne masu kyawawan hotuna, suna tallar kukuri ta Nepal, janbiya ta Yaman, hanjar ta Oman, keris ta Indonesiya, wani lokaci har da takobin Japan. Kowace wuƙa sai a ce maƙerin gargajiya ne ya ƙera ta da hannu, ko kuwa ta gado ce da ta haura shekara 100. A ƙasan tallar kuma akwai maganar da ta fi komai haɗari: wai wuƙar tana zuwa da "takardar izini" da za ta wuce da ita kwastam a kowace ƙasa, ta kuma ba ka damar mallakarta. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma a kanta aka ɗora damfarar gaba ɗaya.

Babu irin wannan takarda. Mai sayarwa ba hukuma ba ne, ba shi da ikon halatta maka abin da dokar inda kake zaune ta hana. Dokar makami ta ƙasa ce, wani wuri ma kowace jiha da tata, kuma ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. A Ingila da Wales, dokar 1988 ta hana fita da wuƙa cikin jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, sai 'yar ƙaramar mai naɗewa da kaifinta bai wuce inci 3 ba, kuma hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 4. A Jamus kana iya ajiye babbar wuƙa a gida, amma yawo da wadda ba ta naɗewa kuma tsayin ƙarfenta ya haura santimita 12 laifi ne idan babu dalili karɓaɓɓe. Jihar Biktoriya ta Ostiraliya ta haramta adda tun daga 1 ga Satumba 2025, sai ga waɗanda aka keɓe, irin su manoma. A Japan, ƙasar da takobi ke da daraja sosai, sai an yi masa rajista, kuma wanda aka ƙera ta hanyar gargajiya ake yi wa. Takardar rajistar nan ta gaskiya ce, amma aikinta a cikin Japan ya tsaya. To idan takardar gwamnati ba ta tsallake iyaka, ina ga wadda wani ya buga a kwamfutarsa ya manna mata tambari mai ruwan zinare?

Mallaka daban, shigo da abu daga waje daban, fita da shi kan titi kuma daban. Mutane da yawa suna haɗa ukun wuri guda, 'yan damfara kuma sun san haka.

Ku lura da dalilin da ya sa suke nacewa a kan kalmar "ta gado" da "ƙirar hannu". Ba don tsadar kaya kaɗai ba ne. Wasu dokokin suna ɗaga ƙafa ga tsofaffin makamai. A Ingila, tun 2008 aka haramta lanƙwasassun takubba masu tsayin santimita 50 ko fiye, amma an bar waɗanda aka yi kafin 1954 da waɗanda aka ƙera da hannu bisa tsarin gargajiya. Ɗan damfara ya karanta wannan fiye da kai. Da ƙarya guda sai ya ci riba biyu: ya tsawwala kuɗi, ya kuma kwantar maka da hankali. Ranar da jami'i ya buɗe kwalin ya ga ƙarfen inji ne da aka yi bara, sassaucin ya faɗi, sunan da ke jikin kwalin kuwa naka ne, da adireshinka. Shi kuwa ɗan damfarar yana can ya rufe shafi ya buɗe sabo.

Ga yadda abin ke gudana. Da ka nuna sha'awa, za a ce ku koma WhatsApp ko Telegram, inda babu mai ganin cinikin. Za a ce saura guda ɗaya, wani ma ya taya, ka ba da kafin alƙalami yau. Biyan kuɗin kuma ta hanyar da ba ta dawowa: asusun wani mutum da sunansa bai dace da na shafin ba, ko kuɗin kirifto, ko lambar katin kyauta. Sai a turo maka lambar bibiyar kaya da wani shafin kamfanin dako wanda su ne suka ƙirƙira shi. Kwana kaɗan sai saƙo ya shigo: an riƙe kaya a kwastam, a biya kuɗin fito. Ka biya, sai kuɗin inshora. Ka biya, sai "lasisin makami" da wai aka manta. Cinikin biri a sama ke nan, kuma sau da yawa babu ma birin.

Matakin ƙarshe shi ne ya fi ƙona mini rai. Idan suka ga ka fara ja da baya, sai wani ya kira da sabuwar lamba, da murya mai kauri, ya ce shi jami'i ne. Zai karanto maka cikakken sunanka da adireshinka, waɗanda kai ne ka ba mai sayarwa da hannunka, ya turo hoton kwali da aka liƙa masa jan tambari. Zai ce: "An kama makami da sunanka. Ko ka biya tara yanzu a rufe magana, ko gobe a zo gidanka." Mutum mai mutunci, wanda bai taɓa shiga ofishin 'yan sanda ba, nan take jikinsa zai yi sanyi. Ba zai faɗa wa matarsa ba, ba zai faɗa wa abokinsa ba, don yana ganin shi ne mai laifi. Wannan shirun shi ne jarinsu. Hukuma ba ta cinikin tara a WhatsApp, ba ta karɓar kuɗi ta asusun mutum, kuma idan ta ƙwace kaya da gaske takarda take bayarwa mai lamba da sunan ofishin da za ka iya zuwa da ƙafarka.

Wani lokaci kayan yana isowa, sai dai ba abin da aka nuna ba ne. Ɗauki wuƙar ka duba ta a cikin haske. Zanen nan mai kama da igiyar ruwa da ake kira ƙarfen Dimashƙa, a na gaskiya daga cikin ƙarfen yake, yana bi har ta gadon bayan wuƙar. A jabu kuwa a saman aka zana shi, bayan wuƙar sumul, kuma idan ka koma shafin za ka ga wuƙaƙe goma da zane iri ɗaya sak, abin da guduma da wuta ba sa haifarwa. Tsatsar "tsufa" da aka yi da asid takan kwanta bai ɗaya ko'ina, har wuraren da hannu ya kamata ya goge su sun yi santsi. Mafi haɗari yana ɓoye a cikin ƙota: maimakon wutsiyar ƙarfen ta zarce da kaurinta, sai a yi waldar siririn ƙarfe kamar ƙusa. Sara ɗaya mai ƙarfi, waldar ta ɓalle, kaifin ya tashi sama ya nufi duk wanda ke kusa. Kukuri ta aiki, wadda maƙeran Nepal kan ƙera da ƙarfen sifirin manyan motoci, ba ta buƙatar tatsuniyar wani sojan Gurka, wato sanannun mayaƙan nan 'yan Nepal, da ya riƙe ta a yaƙi kafin ta sayu.

Idan kuma aka ce maka ƙotar ta ƙahon karkanda ce ko hauren giwa, tashi daga cinikin. In ƙarya ce, roba ko ƙashi aka sayar maka. In gaskiya ce, ka faɗa cikin abin da yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin namun daji, ta hana: cinikin ƙahon karkanda tsakanin ƙasashe tun 1977, na hauren giwar Afirka kuma bisa shawarar da aka yanke a 1989. Kowanne ya tabbata, kai ne a ƙasa.

Ban ce sha'awar waɗannan kayan laifi ba ce. Sana'a ce mai tarihi, akwai maƙera da dillalai na gaskiya da waɗannan mutane ke ɓata wa suna. Dillali na gaskiya shi ne zai fara tambayarka ƙasar da kake da shekarunka, wani lokaci ma ya ce ba zai aika ba. Kafin ka biya, tambayi hukumar kwastam ko 'yan sandan inda kake, ka ba su tsayin ƙarfen, ko kaifi ɗaya ne ko biyu, da siffarsa, ka nemi amsa a rubuce. Saka hoton tallar a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet. Sau tari za ka tarar an sato shi daga gidan gwanjo ko gidan tarihi. Ka ce a kira ka ta bidiyo, a zare wuƙar daga kube, a juya ta, a ajiye ta kusa da takarda mai ɗauke da kalmar da kai ka zaɓa. Mai kaya a hannu ba ya gudun wannan.

Wanda ya riga ya faɗa, don Allah ya daina biya daga yanzu, ko me aka ce za a yi masa. Ya ɗauki hoton hirar, da lambobin waya, da rasit, kafin su goge. Ya sanar da bankinsa nan take, ya kai ƙara ga 'yan sanda, ya kai rahoton shafin. Bayan haka zai iya samun saƙo daga wani da zai ce shi lauya ne ko gwanin kwamfuta, zai ƙwato masa kuɗinsa idan ya ba da wani abu tukuna. Yawanci su ɗin ne suka dawo da wani suna, ko waɗanda suka sayar wa lambarsa. Kada ya amsa.