Wace fan ce za ta kai maka bazara a Kaduna?

A watan Agusta duk shukar da ke wurin masu sayar da furanni a bakin titi kyakkyawa ce. Ruwan sama ya wanke ta, iska na da danshi, ganye shar. Shi ya sa mutane ke sayen fan, shukar nan mai ganye kamar gashin tsuntsu wadda ba ta fure, su kai gida da murna, kafin Janairu ta koma karmami. Asalinta 'yar kurmi ce, inuwa da laima ta sani. Mu kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne da ƙura, Maris da Afrilu kuma zafi. Don haka in ka tsaya zaɓe, da Janairu za ka yi lissafi.

Wadda aka fi samu ita ce ta Boston, mai dogayen ganye da ke zubowa ta gefen tukunya. Sunan ya samo asali ne daga birnin Boston na Amurka, inda aka fara lura da irin a 1894. Ita nake ba mai farawa shawara. Tana da haƙuri: in ta sha ƙishi ta zubar da ganye, ka aske busassun, ka ci gaba da ban ruwa, za ta sake tohowa daga gindi. Kuma ana raba ta. In maƙwabciyarka a Malali ko Barnawa tana da wadda ta cika tukunya, a tsaga saiwar gida biyu, ka huta da ciniki. Aibinta shara, kullum ƙananan ganye a ƙasa. Baranda mai kallon arewa ko gabas ta fi mata, inda ranar la'asar ba ta dukanta.

Sai sheƙar tsuntsu, Asplenium nidus, mai faffaɗan ganye mai sheƙi da ke fitowa a zagaye. Kaurin ganyen ya sa ta fi jure bushewar iska, kuma ƙurar hunturu da jiƙaƙƙen tsumma ake share ta, abin da ba ya yiwuwa da ta Boston. Ita ta fi dacewa da falo, muddin ba a gaban na'urar sanyaya ɗaki ba, domin na'urar tsotse danshi take yi. Kada a zuba mata ruwa a tsakiya, ruɓewa take; a zuba a gefen ƙasa. Girmanta a hankali ne, shi ya sa takan fi tsada.

Ƙahon barewa, wato Platycerium, ba ta buƙatar ƙasa sam. A jikin itace take rayuwa, kuma akwai nau'o'inta 'yan asalin Afirka ta Yamma. Mai mangwaro ko darbejiya a tsakar gida zai iya ɗaure ta a kututture. Busasshen ganye mai kama da faifai da ke gindinta ba mutuwa ba ce, kada a ɓantare shi, shi ke riƙe mata ruwa da abinci. Sai dai da rani dole a riƙa jiƙa gindin sosai.

Adiantum, mai siririn baƙin kara da ganye kamar leshi, ita ta fi kowacce ɗaukar ido, ita ce kuma nake cewa a bar wa mai ita. Ƙasarta ta bushe sau ɗaya, ganyen ya tafi. In ba kana da banɗaki mai taga da haske ba, asarar kuɗi ce.

Za kuma a nuna maka wata shuka mai ƙananan ganye da ake kira asfaragus a ce fan ce. Ba ita ba ce, tana ma fure da 'ya'ya, amma tana ajiye ruwa a saiwarta. Ga mai yawan tafiye-tafiye, gara ita.

Kafin ka biya, juya ganyen. Ɗigo-ɗigo masu launin ƙasa da suka jeru a tsare irin shukar ne, lafiya ce. Waɗanda suka watsu barkatai, ganyen na danƙo, ƙwari ne, ajiye. Leƙa tsakiya ka ga ko akwai sabon toho a nannaɗe. Tambayi mai lambun: "Malam, a inuwa take ko a rana?" Sannan matsa ledar, in jar ƙasa ce ta daskare, sai an sauya da baƙar ƙasa haɗe da tsohon taki da buntun shinkafa.

Tukunyar ƙasa ta fi kyau a ido, amma tana tsattsafar da ruwa, da hunturu sai ka wuni kana ban ruwa; ta roba mai huda a ƙasa ta fi. Tara tukwanen wuri ɗaya a kan faranti mai tsakuwa da ruwa ya fi fesa wa ganye amfani. Takin zamani kuwa, kaɗan a narke cikin ruwa, da damina kawai, don yana ƙona saiwa. Lokacin saye Mayu ko Yuni, shukar ta samu wata biyar na ruwa ta kafu kafin iska ta juya.