Mai hoton biki ko mai hoton talla: wa za a ba aikin kwalaben humra da hotunan ma'aikata?

Hajiya ta kawo tambaya. Tana da kamfanin humra da man shafawa a Kano, tana son hotunan kaya iri 20 na talla a Instagram da allon bakin titi, da kuma hotunan ma'aikata 14 da za a sa a littafin gabatar da kamfani. Wanda ya ɗauki hoton bikin 'yarta yana nan, aikinsa ya yi kyau, kuɗinsa da sauƙi. Wani mai hoton talla kuma ya faɗi kuɗin da ya ninka nasa. Wa za ta ɗauka?

Hajiya, aiki biyu ne a cikin tambayar nan, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Mu fara da kwalabe, don nan ne tazarar mutanen biyu ta fi faɗi.

Mai hoton biki gwanin sauri ne. Yana riƙe da kyamara a hannu, filasha a kanta, yana buɗe idon kyamara sosai, kamar f/1.8 ko f/2.8, don fuskar amarya ta fito, jama'ar da ke bayanta su dushe. Wannan dabarar ita ke lalata hoton kwalba: sunan kamfani ya fito tar, murfi da gindin kwalbar su yi dishi-dishi. Filashar da ke fuskantar gilashi kai tsaye kuma takan bar farin tabo a tsakiya, sau da yawa daidai kan rubutun. Mai hoton talla yana kafa kyamara a kan sanda mai ƙafa uku, ya tsuke idon zuwa f/8 ko f/11, ya sa wa kyamarar gilashin ɗaukar ƙananan abubuwa mai milimita 90 ko 100. Ba ya haska kwalbar daga gaba. Daga gefe ko baya yake kawo haske ta cikin farin ƙyalle, don ruwan humrar ya nuna launinsa, sannan ya jera baƙaƙen kwali a gefe su zana iyakar gilashin. Idan duk da haka gaba da baya ba su fito tare ba, sai ya ɗauki hotuna da yawa, kowanne da inda ya saita, ya haɗe su a kwamfuta. Kwalba ɗaya tana iya cin awa guda. Lokacin nan ne yawancin kuɗin da ya faɗa miki.

Sai launi. A biki, gyaran da ke ƙara ja da ruwan zinare ado ne, ba mai ƙorafi. A talla kuwa, idan man da ke fari-fari ya koma ruwan ƙwai a hoto, mai saye zai ce an canza masa kaya. Tambayi kowannensu ko yana sa katin gwajin launi a hoton farko, kuma ko a RAW yake ɗauka, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da kyamara ba ta gyara ba, ko a JPEG kawai. RAW yana ba da damar daidaita launi daga baya ba tare da hoton ya lalace ba. Tambayi kuma ko zai haɗa kyamara da kwamfuta ki riƙa ganin kowane hoto a babban allo nan take. Ƙurar hunturu da sawun yatsa a jikin gilashi ba sa fitowa a ɗan allon bayan kyamara, sai an buga hoton ya yi girma. Ki kawo kowane kaya guda uku, ki zaɓi waɗanda takardar jikinsu ba ta karkace ba, a goge su, a riƙe su da safar hannu.

A hotunan ma'aikata kuwa tazarar ta ragu ƙwarai. Mai hoton biki na kirki ya san fuska, ya iya sa mai jin kunya ya saki jiki, wani lokaci ma ya fi mai hoton kaya a wannan. Inda yake tuntuɓe shi ne daidaito: mutum 14 a shafi ɗaya dole su zama bango ɗaya, haske ɗaya, girman kai ɗaya. Idan shi za ki ba, ki gindaya masa sharuɗɗa. A yi a ɗaki ɗaya, a manna alama a ƙasa inda kowa zai tsaya, kyamara kada ta motsa. Gilashin kyamarar ya zama milimita 85 zuwa 105, domin mai faɗi kamar 24 idan an matso da shi yana kumbura hanci da goshi. A kashe fitilun ofis a rufe labule, saboda a ma'aunin launin haske, hasken rana yana wajen 5500K, ƙwan fitila mai ruwan ɗorawa yana wajen 3000K, idan suka gauraya rabin fuska ya yi shuɗi rabi ya yi ja. A ware kamar awa ɗaya na kafa kaya, da minti 10 ga kowane mutum, kuma a tabbatar janareta na nan.

Tufafi ma suna da nasu rigima. Farar shadda mai ƙyalli kusa da baƙar fata tana rikita ma'aunin hasken kyamara: ko aikin wuyan riga ya ɓace cikin fari, ko fuska ta nutse. Yadi mai siraran layuka yana haifar da wani zane mai rawa a hoto wanda cire shi wahala ne. Mai tabarau, a ɗaga fitila sama kaɗan ko ya ɗan sunkuyar da tabarau ɗin, don kada haske ya yi ƙyalli a gilashinsa. Ki kuma faɗa tun farko cewa ba a son gyaran da ke haska fata ko ya mai da ita sumul kamar roba. Al'adar hoton biki ce, amma baƙon da ya zo ofis ya kamata ya gane manajan da ya gani a littafi.

Abin da aka fi mantawa shi ne mallakar hoton. A Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, haƙƙin hoto yana farawa ne a hannun wanda ya ɗauka, sai in yarjejeniya ta ce wani abu dabam, kuma miƙa haƙƙin gaba ɗaya ko ba ki izinin amfani da shi ke kaɗai sai a rubuce. Biyan kuɗi kawai bai mai da hoton naki ba. Mai hoton talla yakan zo da takarda mai nuna inda za a yi amfani da hoto da tsawon lokaci, wani ma yana raba kuɗin Instagram da na allon titi. Ki karanta da kyau. Mai hoton biki yawanci ba ya kawo komai, wannan kuma ba sauƙi ba ne, rigima ce aka ɗage zuwa gaba. Ko wanne kika ɗauka, kafin ki ba da kafin alƙalami a rubuta adadin hotunan da za a gyara, sau nawa za ki iya mai da su gyara, ranar kawowa, da izinin amfani. Ma'aikata da duk wanda za a yi talla da fuskarsa ko hannunsa su sa hannu a takardar amincewa, musamman tunda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafi bayanan da ake gane mutum da su. Hukumar ARCON, mai kula da harkar talla a Najeriya, tana buƙatar a tantance talla kafin a fitar, kuma tun 1 ga Oktoba 2022 ta hana amfani da 'yan ƙasar waje a tallan da ake yi wa Najeriya, don haka kada a ɗauko fuskar baƙuwa daga intanet a liƙa kusa da kwalba. Tallan kayan shafa kuma yana buƙatar amincewar NAFDAC.

Wajen karɓar aiki, ki nemi kowane hoto iri biyu: na intanet a sRGB, wato tsarin launi na allon waya da kwamfuta, fiksil 1080 da 1350 ya isa Instagram, da na bugawa a cikakken girmansa. Shafin A4 a ɗigo 300 kowane inci yana son fiksil 2480 da 3508. Allon titi ba ya buƙatar wannan yawan ɗigo tunda daga nesa ake kallonsa, amma maɗaba'a ce za ta faɗi ma'auni da irin CMYK ɗin da take so, wato tsarin launi na bugawa, a tambaye ta kafin ranar ɗauka, a kuma bar fili a gefen kwalba don rubutu. Kada a turo miki ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse shi. A turo a matsayin fayil ko ta Google Drive.

Shawararmu: kwalabe ki ba mai hoton talla, in kuɗi ya yi kaɗan ki rage su zuwa 8 da suka fi tafiya a kasuwa. Ma'aikata kuwa mai hoton biki zai iya, in ya yarda da sharuɗɗan can. Idan har yanzu kina shakka, ki biya kowannensu kuɗin hoton kwalba ɗaya, wadda ta fi ƙyalli a cikin kayanki, ki kai duka biyun maɗaba'a a buga a A4, ki ajiye su kusa da kwalbar a hasken rana ki duba launi da rubutun.