Tsohuwar katangar bulo mai huji: fenti ko toshewa da filasta?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya ce yana da katangar bulon ado a gefen lambunsa, irin mai huji-huji da aka yi yayi a gidajen gwamnati shekarun 1960 zuwa 1970. Ta yi baƙi, fentin ya ɓaɓɓare, shi ne yake tambaya: ya sake mata fenti ne, ko ya toshe hujojin a shafe ta da filasta?

Malam, kafin ka sayi komai, dafa katangar da hannu biyu ka tura. In ta motsa, ko ka saki igiya mai nauyi daga sama ka ga ta karkace, ko tsaga ta taso tun daga tushe, to ba fenti ba filasta, rushewa za a yi a sake ɗorawa. Irin wannan bulo kaurinsa yawanci inci 4 ne, kuma jera shi ake yi ɗaya bisa ɗaya, ba a sarƙa shi kamar bulon gini. Ginshiƙai ne ke riƙe da shi.

In ta tsaya daram, fenti ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai wahalarsa tana wajen wanki. A kankare da burushin waya har cikin hujojin, a wanke gansakuka da ruwan bilic, a ɗauraye, a bar ta ta bushe ƙarau. Inda simintin haɗi ya zube a ƙwaƙule a cike da sabo. Farin gishirin da ke fitowa a ƙasan katanga a busasshe ake goge shi. In aka jiƙa shi komawa yake cikin bulon ya sake fitowa. Daga nan shafin farko na share fage, sai shafi biyu na fentin ruwa na waje. Kada a yarda da fentin mai: yana kulle danshi a ciki, damina ɗaya sai ka ga yana kumbura yana ɓarewa. Rola ba ta shiga huji, sai burushi mai inci 2 ko injin feshi, kuma ka ƙara kuɗin fenti a lissafi, don cikin hujojin nan yana shan fenti fiye da yadda ido ke gani.

Toshewa kuwa tana ba da sirri, abin da yawancin masu tambayar nan ke nema ke nan, amma nan ne ake tafka ɓarna. Hujojin su ne hanyar iska. Da zarar an toshe su, guguwar farkon damina za ta bugi katangar gaba ɗaya, ga ta siririya. Ga kuma nauyi: filasta mai kaurin milimita 15 tana kai kilo 30 a kowane murabba'in mita, fuska ɗaya kawai, ban da abin da aka cusa cikin hujojin. Don haka sai an tabbatar akwai ginshiƙin kankare mai rodi kusan kowace mita 3, da ɗaurin kankare a sama. In ginshiƙan sun tsattsage, galibi rodin ciki ne ya yi tsatsa ya kumbura, sai an fasa an gyara.

In an cika wannan sharaɗi, a cike hujojin da guntayen bulo da siminti, a ba su kwana biyu ko uku. A buga ragar waya irin ta kejin kaji a kan fuskar, in ba haka ba bayan 'yan watanni zanen bulon zai bayyana a jikin filastar, tsaga-tsaga. Kwaɓin shi ne buhun siminti ɗaya da kwanon sarki 8 na yashi, zai shafe kusan murabba'in mita 8. A jiƙa bangon kafin a yaɓa, a yi ta ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7, musamman da hunturu da iska ke busar da shi da wuri. Fenti sai bayan mako 4.

A ganinmu, in sirri kawai kake so, yi fentin, ka kafa waya a bayan katangar ka dasa fure mai yaɗo ya hau wayar, ba bulon ba. Toshewa sai ga wanda ya shirya kashe kuɗin ginshiƙai, kuma a nan ya kamata ka sa birkila ya ƙiyasta maka sabuwar katangar bulo mai inci 6 ka kwatanta farashin biyun.